Kashin shanu da zafin rana: hanyar samun wutar girki a Tamaske

Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Keita da sassafe, kafin ya shiga Tamaske zai gamu da mata da ƴammata ɗauke da damman itace, wasu kuma suna kora jakai da kayan kara. Wannan itace daga nesa ya fito, kuma kowace shekara tafiyar ƙara tsawo take yi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa mutanen ƙaramar hukumar Tamaske sun haura dubu 100, kuma kusan kowane gida sau biyu yake hura wuta a yini. A Nijar baki ɗaya, fiye da gida 9 cikin 10 da itace ko kara ko gawayi suke girki.

Ƙasar Adar ta san tsadar itace. Bayan farin 1973 da 1974, an fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, tun daga 1975, da taimakon ƙungiyar CARE, domin kare gonaki daga iska. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. A wannan shekara kuma aka buɗe Aikin Keita, da gudummawar ƙasar Italiya da hukumomin FAO da PAM. Mutanen karkara, akasarinsu mata, suka ɗauki duwatsu a kai, suka gina shingaye a kan tuddai, suka dasa miliyoyin itatuwa. Waɗannan itatuwa su ne a yau gatari yake nema, domin tukunya ba ta jiran shekara mai zuwa.

Inda itace ya yi wuya, uwargida ta kan koma ga kara da kandilo, wato busasshen kashin shanu. To amma kandilon da aka ƙona taki ne da gona ta rasa. Manoman Adar masu haƙa tassa sun san cewa ramin da ba a zuba wa taki ba, hatsinsa ba ya auki. Masu noman albasa a fadamun Keita da Madawa da Galmi su ma da kuɗi suke sayen taki. Ke nan murhu da gona suna jayayya a kan abu guda.

Rijiyar gaz

Akwai dabarar da take raba wannan gardama. Ana gina wani rami mai rufi da bulo da siminti a ƙarƙashin ƙasa, wanda iska ba ta shiga cikinsa. Shi ake kira rijiyar gaz. Kowace rana ana dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, awo ɗaya na kashi, awo ɗaya na ruwa, a zuba ta wata kafa. A cikin duhun ramin akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, irin waɗanda suke cikin tumbin saniya. Su ne suke cin damun, suna fitar da gaz. Kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na wannan gaz shi ne wanda masana suke kira metan, mai kamawa da wuta shuɗiya marar hayaƙi. Gaz ɗin yana taruwa a saman ramin, ya bi tiyo zuwa madafa. Abin da ya rage kuwa, bayan kwana 40 zuwa 60, yana fitowa ta wata kafar, ya zama taki mai laushi wanda warinsa ya ragu ƙwarai, ƙarfinsa kuma yana nan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Indiya da Sin sun gina miliyoyin irin waɗannan rijiyoyi a ƙauyuka. Maƙwabciyar Nijar, Burkina Faso, ta kafa shirin ƙasa na gina su wajen 2009, da taimakon ƙungiyoyin ƙasar Holan, aka gina dubbai a gidajen manoma da makiyaya.

Lissafin da aka saba yi shi ne, kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da gaz kamar lita 40. Kilo 25 ke nan yana ba da lita 1000, wanda zai riƙe murhu mai baki ɗaya awa 2 zuwa 3. Ga gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma sha, wannan bai wadatar ba. Saboda haka masana suka daɗe suna neman hanyar da kashi kaɗan zai ba da gaz mai yawa. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce ɗumama takin kafin a zuba shi cikin rijiya.

Me zafi yake yi wa taki?

Saniya ta riga ta tsotse abin da yake da sauƙin narkewa a cikin ciyawa. Abin da ya fito a kashinta, yawancinsa zare ne mai tauri, irin na kara da ƙaiƙayi. Cikin zaren akwai abincin da ƙananan halittun suke so, amma yana kulle cikin wani ɓawo mai kama da itace. Aikin farko a cikin rijiya shi ne fasa wannan ɓawo, kuma shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Sauran ayyukan duka suna jiransa. Shi ya sa wani ɓangare na takin yake fita daga rijiya bai ba da gaz ɗinsa ba.

Duk macen da ta taɓa dafa wake ta san sirrin. Waken da aka jiƙa, aka tafasa, ba ɗaya yake da tsaba ba. Zafi da ruwa suna kumbura zaren, su sassauta shi, su narkar da wani abu daga cikinsa ya shiga ruwa. Idan irin wannan damu ya shiga rijiya, halittun suna samun abinci da wuri, gaz ya fara fitowa da sauri.

Zafi yana da wani amfani na biyu, wanda ga manomi wataƙila ya fi na farko. Kashin dabba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, da ƙwan tsutsar ciki, da irin ciyawa wanda ya ratsa tumbi bai mutu ba. Mai lambun da ya zuba ɗanyen taki ya san yawan haki da yake tsirowa tare da albasarsa. Idan damu ya kai digiri 70 a ma'aunin zafi, ya zauna haka awa guda, yawancin waɗannan suna mutuwa. Wannan awo, digiri 70 har minti 60, shi ne dokar Tarayyar Turai ta ɗora wa masana'antun gaz masu aiki da wasu ragowar dabbobi, domin kiyaye lafiyar mutane da ta dabbobi.

A manyan birane an wuce nan. A garin Hamar na ƙasar Norwe, a 1995, kamfanin Cambi ya fara wata dabara ta dafa laka mai fitowa daga magudanan ƙazantar gari da tururi, a cikin tukwanen ƙarfe masu murfi, har digiri 165, na tsawon kusan rabin awa. Dabarar ta bazu zuwa Ingila da Amurka da Sin. Sai dai gwaje-gwaje sun nuna cewa zafi yana da iyaka. Idan ya wuce digiri 180, damun ya kan fara ƙonewa, ya yi duhu, ya haifar da abubuwan da suke hana halittun aiki. Sun kuma nuna cewa ba kowane taki yake karɓar zafi daidai ba. Kashin alade da lakar gari sun fi ba da ƙari. Kashin shanu, saboda yawan zarensa, ƙarinsa a digiri 70 ba shi da yawa, wani lokaci ma da ƙyar ake ganinsa.

Lissafin riba da faɗuwa

A nan ne ya kamata ma'aikaci da manomi su zauna da alƙalami. A ɗauki gida mai zuba kilo 25 na kashi da lita 25 na ruwa kowace rana, wato damu lita 50. Gaz ɗinsa na yini lita 1000 ne. Idan aka ce za a ɗora wannan damu a kan murhun gaz, a ɗaga zafinsa daga digiri 30 zuwa 70, aikin zai cinye gaz kamar lita 700, domin ruwa yana da cin wuta, kuma kusan rabin zafin murhu iska yake bi. Ko da an ƙaddara cewa ɗumamawar ta ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ƙarin bai wuce lita 200 ba. An ba da 700, an karɓi 200. Idan kuma da itace aka dafa damun, to an koma gidan jiya, an sare itacen da aka gina rijiyar domin a cece shi. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Masana'antun Turai suna cin riba ne domin zafin da suke amfani da shi ba sayensa suke yi ba. Suna ƙona gaz a cikin injin samar da lantarki, injin ya yi zafi, sai su ɗebi wannan zafi da zai tafi a banza su ɗumama taki da shi. Gidan manomi a Tamaske ba shi da irin wannan inji. Amma yana da abin da Norwe ba ta da shi.

Dukiyar da take faɗowa daga sama

A Nijar, kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana karɓar zafin rana da ya kai kilowat 5 zuwa 7 na awa a kowane yini. Zafin da damu lita 50 yake buƙata domin ya tashi daga digiri 30 zuwa 70 bai kai kilowat 3 na awa ba. Ko da rabin hasken ya ɓace, fili mai mita biyu ya isa a yawancin kwanakin shekara.

Tarkon zafin rana ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. An kafa ma'aikatar ONERSOL a Yamai a 1965. Farfesa Abdu Mumuni Joffo, haifaffen Tasawa, ya shugabance ta daga 1969 zuwa 1985, kuma a zamaninsa aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki da hasken rana, wasu aka kafa su a gidaje da ma'aikatu. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma tana ɗauke da sunansa. Asalin dabarar mai sauƙi ne: baƙin abu yana shan zafi, gilashi ko farar leda mai haske tana barin rana ta shiga, tana hana zafin fita.

Saboda haka maƙeri da magini na gari za su iya aikin. Ana iya raba tano biyu a tsaye, a shafa masa baƙin fenti, a zaunar da shi cikin akwatin laka wanda aka cusa wa ƙaiƙayi ko buntu a gefe da ƙasa, a rufe da gilashi ko leda. Ana kuma iya gina kwami marar zurfi da siminti kusa da bakin rijiyar, a baƙanta cikinsa. Abin lura shi ne damun kada ya yi zurfi. Taki mai kauri ba ya juyawa kamar ruwa, samansa sai ya yi zafi, ƙasansa yana nan da sanyi. Zurfin da bai wuce tsawon yatsa ba ya fi dacewa, a kuma motsa shi sau ɗaya ko biyu da tsakar rana.

A ƙauyukan arewacin Indiya, inda sanyi yake rage gaz, tun da daɗewa ake ba manoma shawara su dama taki da safe, su rufe shi da leda a rana, su zuba shi da la'asar. Wannan ita ce mafi arhar hanya, kuma ba ta buƙatar komai sai leda da haƙuri.

Maganin kwanakin ɗari

Halittun da suke cikin rijiya sun fi son zafin da yake kusa da na jikin saniya, digiri 35 zuwa 37. Idan rijiya ta sauka ƙasa da 20, aikinsu ya yi rauni, gaz ya ragu. A jihar Tawa, bazara ba ta da wannan matsala, tun da zafi ya kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Amma a Disamba da Janairu, da asuba sanyi ya kan sauka wajen digiri 15. Ruwan da ya kwana a randa ko a tano yana yin sanyi ƙarara. Mai zuba wannan ruwa a rijiya da sassafe yana kashe wutarsa da hannunsa, a daidai lokacin da gida ya fi buƙatar ruwan zafi da kunu.

Damun da ya wuni a rana yana shiga rijiya da ɗumi, yana taimaka mata ta riƙe zafinta. A kwanakin hazo, akwatin ba zai kai digiri 70 ba, amma ko 45 ya samu an yi riba. Ga ƙaramar rijiyar gida, wannan amfani ya fi ƙarin da ake samu daga sassauta zare.

Akwai kuma zancen awaki da tumaki. A Adar gidajen da suke da ƙananan bisashe sun fi masu shanu yawa. Kashinsu yana da ƙarfi, amma ƙwallaye ne masu tauri. Idan aka zuba su haka nan, sai su taso saman damu, su haɗu su yi ɓawo, su toshe hanyar gaz. Haka ma kandilon da ya bushe a rana. Jiƙa su kwana ɗaya ko biyu cikin ruwa mai ɗumi, a marmashe su, shi yake sa su zama abincin rijiya. Da haka gidan da shanunsa ba su kai ba zai iya cike gurbi.

Ƙa'idodin aiki

Na farko, ba a zuba damu mai ƙuna a cikin rijiya. Zafin da ya kashe ƙwayoyin cuta zai kashe halittun da suke yin gaz. A buɗe akwatin da yamma, a bari ya huce har mutum ya iya ajiye hannunsa a ciki ba tare da ya janye ba.

Na biyu, sabuwar rijiya ba a cika ta da takin da aka ɗumama. Tana buƙatar iri, kamar yadda nono yake buƙatar tsohon kindirmo kafin ya yi tsami. Ɗanyen kashin shanu, ko ruwan tsohuwar rijiya, ko abin cikin tumbi daga mahauta, su ne irin. Sai wuta ta kama sosai sannan a fara ɗumamawa.

Na uku, akwatin ya zauna a rufe muddin yana rana. Wani ɓangare na ƙarfin taki yana tashi da tururi, kuma ruwan da ya tafi sai an sake jawo shi daga rijiyar sha.

Na huɗu, a tsame yashi da tsakuwa. Takin da aka share daga turke yana tafe da ƙasa, ƙasar kuwa ba ta narkewa, sai ta kwanta a gindin rijiya har ta cika ta. Kwamin ɗumamawa yana taimakawa a nan, domin yashi yana kwanciya a ƙasansa kafin yamma, a zuba na sama, a kwashe na ƙasa.

Na biyar, kada ruwan sabulu ko maganin ƙwari ya shiga damu, haka kashin dabbar da aka yi wa allura mai ƙarfi a kwanakin nan. Kuma ko da wasa kada wani ya shiga cikin rijiyar gaz ko ya leƙa ta da wuta, ko da an kwashe ta, domin iskar da take ciki tana shaƙe mutum cikin ɗan lokaci.

Abin da zafi ba zai warware ba

Rijiyar gaz tana shan ruwa kowace rana. Lita 25 ba wani abu ba ne ga gidan da yake kusa da famfo ko a bakin fadama, amma a ƙauyukan da suke bisa dutse, inda mata suke wuni a bakin rijiya da rani, ƙarin wahala ne. Ana rage shi ta hanyar tara fitsarin dabbobi da mayar da wani ɓangare na ruwan takin da ya fito.

Tana kuma buƙatar kashi kullum. Shanun da suke wuni a daji suna zubar da rabin kashinsu can, waɗanda suka tafi arewa da damina kuwa rijiya ba ta ganin komai nasu. Gida yana buƙatar shanu kamar 3 zuwa 5 masu kwana a turke. Saboda haka masu kiwon turke, da masu shanun huɗa da na amalanke, da mahauta, da kasuwannin dabbobi, su ne wuraren da ya dace a fara da su. Mahauta tana da kashi da abin cikin tumbi da ruwa a wuri guda, tana kuma buƙatar ruwan zafi, ita ce kuma ta fi buƙatar a kashe ƙwayoyin cuta kafin takinta ya je lambu.

Sai kuma kuɗin gini da gyara. A ƙasashe da dama an ga rijiyoyin da aka gina kyauta sun mutu bayan shekara biyu ko uku, saboda tiyo ya tsage babu mai gyara, ko kuma babu wanda aka ɗora wa zuba taki. Tamaske gari ne na fatake da masu zuwa ci-rani, maza da yawa ba sa nan rabin shekara. Mata ne za su dama, su ne za su girka, su ne kuma hayaƙin murhu yake ci wa ido da ƙirji. Koyarwar da ba ta kai gare su ba, ba ta kai ko'ina ba.

Gwaji kafin yaɗawa

Abin da ya rage shi ne awo. Gwajin bai fi ƙarfin ma'aikatan gona da na kiwo da na daji na gundumomin Keita da Buza da Madawa ba. Rijiyoyi biyu masu girma ɗaya, da kashi iri ɗaya, ɗaya a zuba mata damu mai sanyi, ɗaya wanda ya wuni a rana. A rubuta zafin damu kowace yamma, a rubuta awa nawa kowane murhu ya ci, tun daga kaka har ƙarshen bazara. A zuba takin kowace a fangali dabam na albasa, a ƙirga hakin da ya tsiro. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, ya iya rubutu da lissafi, zai iya riƙe wannan littafi, kuma abin da ya rubuta zai fi amfani ga Adar bisa ga alƙaluman da aka samo a ƙasashen sanyi.

Matan da suka ɗauki duwatsu a tuddan Keita a 1984, da yawansu yanzu kakanni ne. Itatuwan da suka dasa sun girma, kuma ko za su kai ga jikokin jikoki, ya danganta ga abin da ake hurawa a ƙarƙashin tukunya. Kashin yana nan a turke kowace safiya, rana kuma tana fitowa bisa dutsen Adar ba tare da an biya ta ko dala ba.